Ladan Sallau da Akwatin Lokotoro

A unguwarsu ta cikin Birni, a Damagaram, idan aka ambaci Ladan Sallau abu biyu ake tunawa, murya da zargi. Muryar dai baiwa ce. Idan ya hau matakalar ƙasar nan da ke jingine da bangon masallacin unguwa ya sa yatsu a kunne, matan da ke can bayan duwatsu wajen rijiya sukan ce wa juna azahar ta yi, a yi sauri. Zargin kuwa shi ya shuka abinsa, ya yi ta yi masa ban-ruwa har ya fi ƙarfinsa. Ka gaishe shi da fara'a, ya wuni yana tunanin abin da kake nema a wurinsa. Ka gaishe shi a daƙile, ya ce dama ya sani. Matarsa Larai, wadda ta tsufa tana fama da halin nan, takan ce ko ruwa ta miƙa masa sai ya leƙa cikin moɗa kafin ya kai baki.

Amma kada a yi masa rashin adalci, halin yana da mafari. Sallau ɗan Droum ne, ɗan manoman gero, kuma yana da wa guda, Nomau, wanda duk ƙauyen ba mai tsere masa a guje. Wata shekara bayan girbi, suna samari, dogarai suka zo ɗiban soja. Aka tara matasa a fili, aka sa su tuɓe riguna. Wani Baturen lokotoro, wato likita, ya zauna a inuwa da wata roba maƙale a kunnuwansa, aka ce kada kowa ya ji tsoro, duba lafiya ce kawai. Sai a sa mutum ya ruga zuwa gindin kuka ya dawo, Baturen ya ɗora bakin robar a ƙirjinsa ya saurara. In ya ce "bon", wato ya yi kyau da Faransanci, a tura ka dama. In ya yamutsa fuska, ka ɗauki rigarka ka koma gida.

Ubansu ya riga ya ji dabara a bakin mutanen Mirriya. Da safe ya ba kowannensu curin garin taba da kanwa, ya ce su ɓoye a kunci, in layi ya kusa zuwa kansu su haɗiye ruwan. Nomau ya tofar da nasa, don 'yan matan ƙauye sun yi cirko-cirko a bakin fili, shi kuwa ba zai yarda ya ji kunya a guje ba. Ya tafi ya dawo ko haki bai yi ba, Bature ya ce "bon". Sallau ya haɗiye nasa. Kafin ya kai kuka duniya ta fara juya masa, ya dawo yana tangaɗi, zufa na zuba, zuciya na dukan haƙarƙari kamar za ta fito. Bature ya saurara, ya kore shi da hannu. Da yamma aka jera waɗanda aka tura dama aka nufi barikin Damagaram da su, kuma Nomau bai sake taka Droum ba, ko labarin inda aka binne shi ba a samu ba. Daga ranar Sallau ya riƙe abu ɗaya ƙam. Duk wanda ya sa ka motsa sannan ya kasa kunne a ƙirjinka, ba lafiyarka yake tambaya ba, auna kayan da za ka iya ɗauka yake yi.

Da iyayen suka rasu ya bar wa dangi gona ya shigo Birni, ya zauna a zauren wani Babarbare ya koyi ɗinkin hula, ya ɗan taɓa karatu. A nan aka gano muryar. Wata rana tsohon ladan ya yi mura aka ce bari ɗan Droum ya gwada, tun daga nan matakalar ta zama tasa. Ba shi da gona a gari, ba shi da rumfa a Kasuwar Dole, 'yarsu ɗaya da ta rayu tana aure a Gaffati. Abin da ya mallaka a duniya matakalar nan ce. A samanta kaɗai zuciyarsa ke sakewa, watakila don a can ba mai tsayuwa a bayansa. Yakan sauko da sakin fuska, har ya amsa gaisuwa ba tare da ya duba hannun mai gaisuwar ba, kafin halin ya dawo masa a bakin ƙofa.

A bazarar shekarar da daga baya aka yi zaɓen E ko A'a, rana na ƙuna, ya hau kiran azahar. Ya kai tsakiya sai aka ji muryar ta yanke. Wani abu ya damƙe masa ƙirji, ya gangara har cikin hannun hagu, numfashi ya ƙi shiga, ya durƙushe a saman matakala. Kiran salla kuwa ba a barinsa a rataye. Suma'ila baduku, magidanci mai shagon jakunkunan fata daura da masallacin, ya hau a guje, ya ɗauko kiran daga farko da 'yar siririyar muryarsa, sannan ya goyo Sallau ya sauko da shi. Duk unguwa ta sa wa Suma'ila albarka. Sallau kuwa, ana ɗauke da shi a kan gadon kara zuwa gidan likita, abin da yake tambayar kansa shi ne yaya aka yi Suma'ila ya kasance kusa haka, kuma da alwalarsa.

A gidan likita aka ce ciwon zuciya ne, aka kwantar da shi, aka hana shi ko zuwa makewayi da ƙafarsa, sai anfirme mai rabon magani ya kawo masa tasa. Haka ake yi wa mai irin ciwon a wurin, ya kwanta shiru a ba shi a baki har Allah ya yi ikonsa. Wannan kam ya yi wa Sallau daidai, don ya dace da abin da kowa ya sani, mara lafiya kwanciya yake yi a zo a yi masa sannu. Ya kwanta har damina ta sauka, ƙafafu suka shanye, in ya tashi zaune sai jiri ya mayar da shi.

Ana nan aka kawo sabon lokotoro, Gana, ɗan Barebarin nan cikin Birni da ya yi karatu a Dakar. Matashi ne mai sanyin magana, kullum da agogo ɗaure a hannu. Ya zauna a bakin gadon Sallau, abin da ba a saba ganin lokotoro ya yi ba, ya kira shi Baba, ya yi masa bayani da Hausa tsantsa. Ya ce a wasu ƙasashe masu bincike sun fara lura cewa doguwar kwanciya na ƙara kashe jikin mai ciwon zuciya. Ya ce zuciya ma tsoka ce, in an bar ta ba aiki sai ta yi laushi, in kuma an ɗora mata da yawa ta gaza, abin da ake nema shi ne gwargwado, kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa ana dubawa. Ya ce abin bai gama tabbata ba, shi ma yana so ya gani da idonsa, shi ya sa yake tara 'yan dattawa masu irin ciwon su riƙa zagaya farfajiya da safe, shi kuma yana auna su. Bai ɓoye komai ba. Sallau ya saurare shi har ƙarshe, ya tuna uban yaron nan tafintan kumandan ne a da, Baturen da ke mulkin gari, ya ce a ransa mai gaskiya ba ya dogon bayani haka.

Aka sallame shi gida da sharaɗin ya riƙa zuwa awo. Ranar farko da ya je, sai ga abin da ya yi shekaru yana jira. A ƙarƙashin tsamiyar farfajiya dattawa sun jeru suna tafiya a layi, a gabansu wani tsohon soja, Mai Nasara, wanda ba a sa shi ba amma yana ɗaga gwiwa yana faɗin "an, de, an, de", ɗaya-biyun sojan Faransa. A gefe ga wani gajeren akwatin katako. In an gama zagaye sai a kira mutum ya cire riga, ya hau akwatin ya sauka, ya hau ya sauka, har lokotoro ya ce ya isa. Sannan ya kama wuyan hannunsa yana kallon agogo, ya ɗora robar a ƙirji ya saurara. Sallau na tsaye ya ga Gana ya gama da Mai Nasara, ya dafa kafaɗarsa ya ce "bon". Sallau ya dubi ƙofar fita ya ga ba dogari, ya ce to, sun ƙara wayo ke nan.

Garin kuwa a lokacin ba ya rasa abin da zai ciyar da mai zargi. A rumfunan kasuwa ana cewa Faransa za ta tafi. Wasu na cewa kafin ta tafi sai ta kwashi maza zuwa yaƙin da take yi can bayan hamada, wasu na cewa masu karɓar mulkin ne za su dawo da aikin tilas don yin hanyar mota. Ba wanda ya san gaskiya, amma kowa na rantsuwa. Sallau ya tattara duka ya haɗa da akwatin, ya ga sun zauna daram.

Da abin iya nan ne, da ya daina zuwa kawai. Sai dai Goni Bukar, limamin masallacin, ya ɗaure shi ta ɗaya gefen. Goni bai manta yadda aka sauko da ladaninsa a goye ba. Ya ce a gaban jama'a Suma'ila zai riƙe kira na aro, kuma ranar da Lokotoro Gana ya ce zuciyar Malam Sallau ta iya hawa, ranar zai koma matakalarsa, ba kafin nan ba. Sallau ya koma gida ya zauna da hula da allura a hannu bai yi ɗinki ko ɗaya ba. In ya nuna wa lokotoro ƙarfi ya samu matakala, amma ya shiga layin Nomau. In ya nuna rauni ya tsira, Suma'ila kuma ya ci gaba da yi wa unguwa kukan sauro a kowace salla. Ya juya ta nan, ya juya ta can, ya yanke cewa a fara tsira tukuna, ai matakalar tana nan inda take.

Shi da bai ƙara taɓa taba ba tun ranar Droum, ya lallaɓa har Zango inda ba a san shi sosai ba ya samo garinta da kanwa, ya ƙulle a tsumma ya cusa a cikin naɗin hularsa. Duk ranar awo zai yi zagayen farfajiya yana jan ƙafa, in an kusa kiransa ya juya baya ya haɗiye. Ya hau akwati ya sauka, zufa ta keto, zuciya ta hau sukuwa. Gana ya kama hannunsa ya dubi agogo, ya sake duba, fuskarsa ta canza, ya ce Baba zauna ka huta. Allah ne kawai ya tsare, don abin da tsohon ke haɗiya ya isa ya ƙarasa mai irin ciwonsa. Shi dai ba a taɓa ce masa "bon" ba, kuma yakan koma gida da tashin zuciya da ciwon kai yana jin daɗi a ransa.

Sauran kwanakin mako ya ba wa Suma'ila su. Ya tabbata akwai wanda baduku ke haɗa baki da shi, sai dai a gano ko wane ne. Saboda haka da Suma'ila ya rataya jakunkuna ya fita, Sallau zai bari ya sha kwana, ya bi shi daga nesa. Da farko ko ƙofar Birni ba ya kaiwa sai ya nemi dakali. Sannu a hankali ya riƙa kaiwa majema, inda Suma'ila ke zaɓen fata, ya tsaya can yana toshe hanci. Daga baya ya iya bin sa har Kasuwar Dole, ya ratsa ta Zango, ya dawo ta tsakanin duwatsu, Suma'ila kuwa mutum ne mai dogon taku. Wata da watanni yana wannan sintiri bai kama komai ba sai ciniki da gaisuwa, abin da ya ƙara tabbatar masa cewa mutumin ya ƙware. Bai lura ƙafafun nan da suka shanye sun sake yin tsoka ba, bai lura ya daina neman dakali ba. Larai ce ta lura tuwon da take zuba masa ya daina saura.

Wata rana ya samu abin da yake nema. Ya ga Suma'ila ya karkata ya shiga gidan likita, ya tsaya da Gana a baranda suna magana, har lokotoro na girgiza kai. Abin da ya kai baduku can ba wani abu ba ne illa gajiya. Kiran salla ya raba shi da kasuwannin ƙauye, maƙogwaronsa kullum a dishe, yara na kwaikwayon muryarsa a lungu, ya je ne ya tambaya yaushe Baba Ladan zai warke ya karɓi abinsa. Sallau, daga bayan tsamiya, bai ji ko kalma ɗaya ba, kuma bai ga yana buƙatar ji ba.

A ranar ne kuma Larai ta ɗauki ɗaya hularsa za ta wanke, ƙullin ya faɗo. Ta kwance ta shinshina. Ita ma 'yar ƙauye ce, ta san labarin Nomau tun kafin a kawo ta gidan, ba ta buƙaci bayani ba. Da ya shigo ta ajiye tsumman a gabansa a kan tabarma.

"Malam, don girman Allah, wa zai ɗauki mai furfura soja? Su kai ka ina, ka yi musu me?"

"Ranar da aka ɗauki Nomau ma cewa aka yi duba lafiya ce."

"Nomau saurayi ne. Kai ko bindigar aka ba ka sai an nemo mai riƙe maka."

"To me ya sa yake cewa bon? Me ya sa ake jera su a layi? Ke ba ki ga abin da na gani ba."

Ta ce masa abin da ita ta gani shi ne mutum yana kashe kansa da hannunsa don gudun kamun da ba mai niyyar yi, yana kuma sakar wa wani matakalarsa a banza. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce za ta je ta gaya wa ɗan Barebarin nan da bakinta. Amma ba ta je ba, kuma shi ma ya san ba za ta je ba. Matar da ta fita ta shaida wa duniya cewa ladanin unguwa na yin ƙarya yana cin taba a ɓoye, ba shi kaɗai ta tona wa asiri ba. Ta jefa ƙullin a murhu, washegari ya tafi Zango ya samo wani.

Shi kuwa Gana abin ya ɗaure masa kai. Dattawansa suna ta samun sauƙi, wasu sosai wasu kaɗan, ɗaya ya rasu a gidansa, Mai Nasara har ya koma gona. Ga Sallau kuma, idonsa ya washe, kafaɗa ta cika, amma da ya hau akwati sai zuciya ta rikice. Gana ya rage masa zagaye, ya canza masa magani, ya tambaye shi abin da yake ci, Sallau na amsawa da "to" da "haka ne" yana kallon ƙasa. Haka aka yi damina biyu. Azumin shekarar mulkin kai ya gabato, Goni Bukar ya aiko wa Gana yana son magana guda, don ba zai sake shiga watan da ladanin aro ba.

Ranar awon ƙarshe Sallau ya ƙara curin, don ya ji a jikinsa ranar ce za a yi rabon dama da hagu. Da ƙyar ya sauko daga akwatin. Gana ya daɗe da robar a ƙirjinsa, sannan ya cire ta daga kunne, ya taimaka masa ya sa riga.

"Baba, na sa ka wahala ina fatan zai amfane ka. Ya amfani wasu, kai bai amfane ka ba, kuma ban gane dalili ba. Ka yafe mini. Ba sai ka sake zuwa ba."

"Ka sallame ni ke nan?"

"Na sallame ka. Ka riƙa ɗan takawa a tsakar gida. Amma hawa kam, ko na matakala ko na dutse, ban yarda ba. Zan je in gaya wa Goni da kaina."

Sallau ya fito daga gidan likita yana jin irin daɗin ranar da Bature ya kore shi da hannu. Ya sake kuɓuce musu. Daɗin ya raka shi har ƙofar Birni, a nan ya hango kan matakalar ta saman katangu, a nan kuma daɗin ya tsaya.

Bayan la'asar ta wata Alhamis Goni ya tsayar da jama'a. Ya yi wa Sallau doguwar addu'a, ya ambaci shekarun da ya yi yana kiran unguwa zuwa salla, har wasu dattawa suka share hawaye. Sannan, bisa al'adar masallacin, ya ɗauko tsohuwar butar tagulla da ladani ke gada daga ladani, ya sa Sallau ya miƙa wa Suma'ila da hannunsa, aka shafa fatiha. Suma'ila ya karɓa kansa a sunkuye. Sallau ya ce a ransa dariya yake ɓoyewa. Abin da aka shafa wa fatiha a gaban jama'a kuwa ba a kwance shi don wani ya tashi washegari ya ce da can ƙarya yake yi.

Taba dai ya huta da ita. Amma ƙafa ta riga ta saba, ko ba Suma'ila a gaba sai ya zaga gari, yana ce wa Larai zai je neman zare. Ya sa ido ya ga ranar da kamiyo, babbar motar nan ta ɗaukar soja, zai tsaya a ƙofar gidan likita ya kwashe waɗanda aka ce wa "bon". Azumi ya wuce, bazara ta wuce, ruwa ya sauka, aka sauke tutar Faransa aka ɗaga wata, aka sha kiɗa a gari, kamiyo bai zo ba. Kusan kullum sai ya gamu da Mai Nasara da hauya a kafaɗa, ya ce masa Ladan yaya ƙarfin jiki, shi kuma ya dafe ƙirji ya ce sai a hankali.

'Yan kwanaki bayan bikin, an yi ruwa da hantsi gari ya yi sanyi, ya biyo ta masallaci gabanin la'asar ya tarar ba kowa. Ya tsaya a gindin matakalar. Ruwa ya ɗan zaizaye gefenta, ya ga ba a yi mata yaɓe ba bana, ransa ya ɓaci. Ya ce bari ya taka ta farko ya ji ko ta yi laushi. Ya taka ta gaba. Bai ankara ba sai ga shi a sama, numfashinsa na shiga yana fita lafiya lau, fiye ma da shekarun kafin ciwon. Ga Birni a ƙarƙashinsa, soraye a jiƙe, duwatsu sun yi baƙi da ruwa, can nesa gero ya yi kore shar ta wajen hanyar Droum. Kewar abin nan ta taso masa, hawaye suka zubo bai share ba, don ya saba a nan sama ba mai ganinsa.

Sai ya ji taku. Suma'ila ne ya hauro da butar a hannu, yana haki, ya tsaya turus. Ya dubi Sallau, ya dubi matakalar da ya hauro, ya sake dubansa. Sannan ya ajiye butar a gaban ƙafar tsohon.

"Baba Ladan, lokaci ya yi. Kira mana."

"Goni ya shafa fatiha."

"Ni zan yi wa Goni magana. Abin nan ya fi ƙarfin maƙogwarona, kai ma ka sani. Kira, Baba, ko wannan ɗaya ce."

Sallau ya juya gabas. Hannuwansa suka tashi da kansu, yatsu suka kusa kunne, ya ja numfashi har ƙasan ciki, ya ji muryar tana nan yadda ya bar ta. A daidai nan idonsa ya faɗa kan hanya, ya ga wani mai farar riga a kan keke ya nufo daga wajen gidan likita. Watakila anfirme ne zai je gida, watakila ma tela ne. Amma Sallau ya tuna muryarsa tana kaiwa har bayan duwatsu, ballantana barandar lokotoro. Ya tuna Suma'ila da Gana tsaye suna magana. Wa ya taɓa samun matsayi ya mayar da shi haka kawai? Me ya sa masallacin ya zama ba kowa daidai lokacin da zai wuce? Ƙaramin akwati bai kama shi ba, shi ne suka ɗana masa babba.

Ya sauke hannu ya dafe ƙirji, ya ƙaƙaro tari. Ya ce jiri ne ya ɗebe shi, bai san yadda aka yi ya hau ba, a taimaka a saukar da shi. Suma'ila ya kama wuyan hannunsa suka sauko a hankali, kuma a ƙarƙashin yatsun baduku jijiyar na bugawa a natse, ba sauri ba rikici. Suma'ila bai gaya wa kowa abin da ya ji ba, a ranar ko bayanta. Ya zaunar da shi a dakali, ya koma sama ya yi kiran da 'yar muryarsa. Mai keken ya wuce ko waiwaye bai yi ba.

Sallau ya daɗe a duniya bayan haka. Da shi aka yi jana'izar Goni Bukar, da shi aka yi ta Mai Nasara. Aka canza wa Gana wurin aiki ya tafi bai taɓa sanin cewa wanda ya fi ba shi kunya a bincikensa shi ne wanda tafiya ta fi yi wa magani ba. Ba wanda ya zo ɗaukar Sallau, kuma in suna zaune a tsakar gida yakan ce wa Larai ai ta gani, da ya bi ta tata da yanzu an manta da shi kamar Nomau. Ita ta daina amsawa. Abin da ba ta iya kallo shi ne lokacin salla. Da muryar Suma'ila ta taso, allura za ta tsaya, hannuwan tsohon su ɗaga su nufi kunne, leɓɓansa na motsi. Sai ya farga, ya waiga ya ga ko wani ya gani, ya sosa kunnen, ya ɗauki hularsa ya ci gaba da ɗinki.